Kara Ta Yi Yawa: Dolly Parton da Kundinta na Rok



Yau Amurka za mu leƙa, wurin wata tsohuwar mawaƙiya da ta fitar da kundin waƙoƙin rok tana da shekara 77. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, mu da muke fama da gajerun labarai da waƙoƙin Hausa. Na kuma san a cikinmu akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam, ina kuma girmama hakan. Ku yi haƙuri ku biyo ni, domin matar marubuciya ce kafin ta zama komai, kuma abin da ya sami kundin nata yana samun rubutunmu kullum a wannan zaure.

Sunanta Dolly Parton. Wanda ya tashi da rediyo a gida a shekarun 1980 da 1990 ya ji muryarta ko da bai riƙe sunan ba, don a lokacin gidajen rediyon Najeriya suna yawan sa waƙoƙin kantiri, wato kiɗan Turawan karkarar kudancin Amurka: Don Williams, Jim Reeves, Kenny Rogers, da ita. An haife ta ranar 19 ga Janairu 1946 a yankin tsaunuka na jihar Tennessee, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, a gidan katako mai ɗaki ɗaya. Mahaifinta bai iya karatu da rubutu ba, abin da ya sa a 1995 ta kafa shirin aika wa yara ƙanana littattafai kyauta duk wata. Washegarin ranar da ta gama sakandare a 1964 ta tattara kayanta ta nufi Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, kuma daga lokacin zuwa yau ta rubuta waƙoƙi dubbai.

Bari in tsaya kan biyu daga ciki, don ku san da wa muke magana.

"Coat of Many Colors" ta 1971 labarin riga ce. An ba su tsummokara a akwati, uwarta ta harhaɗa ta ɗinka mata rigar sanyi, tana ɗinki tana ba ta labarin Annabi Yusuf da rigarsa kamar yadda ya zo a Baibul. Yarinya ta sa riga ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi ta yi mata dariya. Iyakar labarin ke nan. Abin lura shi ne yarinyar ba ta gane dalilin dariyar ba, ita a ganinta ta fi kowa arziki a ajin, kuma marubuciyar ta bar mu a cikin idon yarinyar har ƙarshe. Mai sauraro ne ke ganin talaucin, yarinya ba ta gani. Wannan tazara tsakanin abin da tauraruwar labari ta sani da abin da mai karatu ya sani ita ce ke sa ƙwalla, kuma da yawanmu da mu ne da mun rufe ta da dogon bayani kan halin da talaka ke ciki.

Ta biyu "Jolene" ce, ta 1973. Mace ce ke magana da wadda take tsoron za ta ƙwace mata miji. Ba zagi, ba gori, ba barazana. Yabon kyawun kishiyar take yi, tana amsa cewa ba za ta iya gogayya da ita ba, tana roƙonta ta bar mata mijin. Ba mu ji amsar Jolene ba, mijin ma bai ce uffan ba. Waƙar ba ta kai minti uku ba. Ku auna da labaran kishi da muke rubutawa, inda sai an kai shafi na 80, an je wurin boka sau uku, an yi saki biyu, kafin mai karatu ya ji rabin abin da wannan mata ta sa aka ji cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu.

Akwai kuma labari ɗaya da ya kamata kowane marubuci ya riƙe. Ta rubuta "I Will Always Love You" don yin ban kwana da Porter Wagoner, mutumin da ta shafe shekaru bakwai tana aiki a shirinsa na talabijin, waƙar ta fito a 1974. Elvis Presley, wanda a lokacin babu sama da shi, ya so ya rera ta. Sai manajansa Kanar Tom Parker ya ce sharaɗi shi ne a ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Dolly ta ce a'a. Ita da kanta ta sha faɗa cewa ta yi kuka a kan hakan, amma ba ta sa hannu ba. Shekaru 18 bayan nan Whitney Houston ta rera waƙar a fim ɗin The Bodyguard, ta yi makonni 14 a saman jadawalin waƙoƙin Amurka, kuɗin mallaka kuwa suka tafi wurin mai waƙa. Ku riƙe wannan: mace ce da ta iya cewa a'a, ko ga Elvis.

To, sai ga shekarar 2022. Akwai wata cibiya a birnin Cleveland da ke karrama gwanayen kiɗan rok, ana kiranta Rock and Roll Hall of Fame. A watan Fabrairu suka sa sunanta cikin waɗanda za a zaɓa. A watan Maris ta fitar da sanarwa cewa a cire ta, don a ganinta ba ta cancanta ba, ba ta taɓa yin kundin rok ba, kuma ba ta so ta raba wa waɗanda suka cancanta ƙuri'a. Cibiyar ta ce takardun zaɓe sun riga sun fita, kuma shi kansa rok daga kantiri da kiɗan baƙaƙen Amurka ya tsiro. Aka zaɓe ta, ta karɓa, aka karrama ta a Los Angeles ranar 5 ga Nuwamba 2022. Daga nan ta ɗauki alkawarin cewa tunda an ba ta rawanin, za ta yi aikin da zai sa ta cancance shi.

Aikin shi ne Rockstar, wanda ya fito ranar 17 ga Nuwamba 2023, kundinta na 49 ita kaɗai. Waƙoƙi 30 ne, tsawonsu ya haura awa biyu da minti 20. Tara daga ciki ne aka gabatar a matsayin na asali, 21 kuwa tsofaffin waƙoƙin rok ne da duniya ta riga ta haddace. Baƙin da ta gayyato kuwa sai ka ce taron naɗin sarauta: Paul McCartney da Ringo Starr, mutum biyun da suka rage daga Beatles, suka taya ta "Let It Be". Ga Elton John, ga Sting, ga Stevie Nicks, ga Debbie Harry, ga Steven Tyler, ga Pink, ga Lizzo da sarewarta, ga Miley Cyrus. Har muryar Ronnie Van Zant, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama tun 1977, aka ɗauko daga tsohon faifai aka haɗa da tata a "Free Bird", waƙar da ita kaɗai ta haura minti goma.

Kasuwa ta karɓa hannu biyu. A makon farko kundin ya shiga jadawalin Billboard 200 a mataki na 3 da kimanin kwafi 128,000, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba a sama da shekara 50 tana waƙa. Kafin nan mafi nisan da ta je shi ne mataki na 6. Ya kuma hau na ɗaya a jadawalin kantiri da na rok lokaci guda. Idan da lissafi ake auna aiki, wannan ne gwanin ayyukanta, ya fi "Jolene", ya fi rigar tsummokara.

Masu sharhi a jaridu kuwa bakinsu bai zo ɗaya da na kasuwa ba. Kusan kowa ya yarda muryarta tana nan da ƙarfinta, abin mamaki ga mai shekara 77. Amma kalmar da ta riƙa dawowa a sharhi da yawa ita ce karaoke, wato wasan nan da ake sa wa mutum kiɗan waƙar wani ba murya, shi kuma ya riƙe makirufo ya bi. Suka ce ya yi tsawo, suka ce kiɗan ya yi kama da na asali har ba a ga dalilin sake yi ba. Wasu masoyanta suka fusata da ta gayyato Kid Rock saboda ra'ayinsa na siyasa. Kwana shida bayan fitowar kundin ta yi wasa a hutun rabin lokaci na wasan ƙwallon Dallas Cowboys, sanye da kayan 'yan matan da ke rawa a gefen fili, sai duniya ta koma zancen kayan da ta sa. Ku duba da kyau: an yi maganar jerin baƙi, an yi maganar shekarunta, an yi maganar tufafinta, an yi maganar lambar da ta hau. Waƙoƙi taran da ke nata, inda marubuciyar take, su ne aka fi yin shiru a kansu.

Ra'ayina shi ne kara ce ta cinye wannan kundi, daga ɓangarori biyu. Ita ta yi wa waƙoƙin mutane kara, masu sauraro kuma suka yi mata kara. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan ɗabi'a, muna kuma alfahari da ita, kuma a zaman tare tana da kyau. Baƙo ya zo ka bar masa shimfiɗarka, surukinka ya yi kuskure ka kau da kai. A wurin aiki irin namu kuwa illa take yi.

Mu fara da tata karar. Ta shiga gidan rok ne a matsayin wadda take jin ba ta cancanta ba, ta faɗa da bakinta. Wanda ya shiga gida da wannan zuciya a bakin tabarma yake zama, ba ya taɓa komai, ba ya matsar da kujera. Haka ta yi wa waƙoƙin. Inda jita ta yi kuka a faifan asali, nan ta yi kuka a nata. Inda ganga ta shigo, nan ta shigo. Sau da yawa ma mai waƙar na asali yana tsaye kusa da ita yana rera rabinsa, to ta yaya za ka sāke wa mutum fasalin ɗaki yana zaune a ciki? Sakamakon shi ne ka ji "Every Breath You Take" ka ce ma sha Allah, ta iya, sannan ka koma ka sa ta Sting ta 1983, don babu abin da sabuwar ta gaya maka wanda tsohuwar ba ta faɗa ba.

Abin da ya sa wannan ke ba ni takaici shi ne ta san hanyar da ta fi, ta kuma taɓa bin ta. A ƙarshen shekarun 1990 gidajen rediyon kantiri sun juya mata baya, sun koma wa matasa. Sai ta koma wani ƙaramin kamfani, Sugar Hill, ta yi kundi uku a jere da kiɗan tsaunukan da ta tashi a ciki, wanda ake yi da banjo da goge da jita marar lantarki: The Grass Is Blue a 1999, Little Sparrow a 2001, Halos & Horns a 2002. (Banjo ɗin nan, ga mai son sani, jikan kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne masu tsirkiya, dangin su gurmi da molo, bayi ne suka kai fasaharsa can.) A kundin 2001 ta ɗauki "Shine", waƙar rok ta ƙungiyar Collective Soul mai ƙarar jitar lantarki, ta tuɓe mata lantarkin gaba ɗaya, ta sa mata kayan kiɗan ƙauyensu, sai ga shi ta fito kamar addu'ar da aka daɗe ana yi a cocin kan tsauni. Ta ci lambar Grammy da ita. A na 2002 ta yi wa "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin irin wannan aiki, waƙar da masoya rok ke ɗauka kamar ba a taɓawa. Ta taɓa ta, ta ja ta zuwa gidansu, ta ƙarasa ta da amshin mawaƙa masu yawa.

Waƙar nan ta Led Zeppelin ta sake yin ta a Rockstar, don haka muna da abin da ba kasafai ake samu ba: mawaƙiya ɗaya, waƙa ɗaya, hanya biyu, shekara 21 a tsakani. A ta farko ita ce mai gida, waƙar ce baƙuwa, dole ta ci abincin gidan. A ta biyu ita ce baƙuwa. Kuma waɗancan kundaye uku, waɗanda a wurina suna cikin mafi kyawun abin da ta yi a rayuwarta, ko kusa da goman farko na Billboard 200 ba su je ba.

Abin da Whitney ta yi wa waƙar Dolly ke nan ai. Ta asali a hankali take, kamar mai magana da mutum ɗaya a ɗaki. Whitney ta fara ba kiɗa ko kaɗan, ta bi ta a sannu, sannan ta ɗaga ta sama har rufin ya tashi, yau mutane da yawa ba su ma san ba ita ta rubuta ba. Johnny Cash ma, abokin zamanin Dolly, yana da shekara 70 a 2002 ya ɗauki "Hurt" ta Nine Inch Nails, waƙar saurayi mai fama da ƙwaya, ya rera ta da muryar tsoho mai ciwo da ke kallon ƙarshen rayuwarsa, har Trent Reznor da ya rubuta ta ya amsa cewa ta tashi daga hannunsa. Babu ɗaya cikinsu da ya yi wa waƙar da ya ara kara.

Mu ma muna da namu misalin a gida, kuma kowa a zauren nan ya karanta shi. Labaran Magana Jari Ce da yawa ba Abubakar Imam ya ƙirƙire su ba. Ya ɗebo daga littattafan Larabawa da na Indiya da tatsuniyoyin Turai. Amma wa ya taɓa karantawa ya ji ƙanshin Jamus ko Bagadaza? Ya sa musu rawani, ya zaunar da su a fada, ya ba su sunayenmu da irin wautarmu da irin wayonmu, ya sa aku ya faɗe su da bakin Bahaushe. Ku kwatanta da abin da muke gani yanzu, inda za a ɗauko fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ko na Koriya, a canza sunan jarumi zuwa namu, a bar komai yadda yake. Attajirin saurayi mai kamfani, mai fushi ba dalili, yarinya ta zuba masa shayi a riga ranar farko. Sunan Kano ne a shafin, amma babu ƙurar Kano, babu mai shayi, babu gwaggo mai zuwa ba sallama. Laifin ba a aron yake ba, kowa yana ara. Mai aron ne ya ji nauyin abin da ya aro har ya kasa taɓa shi.

Sai kara ta biyu, ta masu sauraro, wadda ta fi shafarmu.

Mafi yawan waɗancan kwafi 128,000 saye ne na faifai, ba sauraro ta intanet ba, an kuma fitar da kundin a bugu daban-daban, har da faifan garmaho masu launi iri-iri don masu tarawa. Wanda ya sayi faifai a makon farko, galibi ya biya kafin ya ji. Abin da ya saya shi ne Dolly: matar da ta raba wa yara miliyoyin littattafai, wadda ta ba da dala miliyan ɗaya a 2020 don binciken da ya taimaka wajen samar da rigakafin korona, wadda a ƙasar da siyasa ta raba gida biyu kowane ɓangare ke cewa tasu ce. Mutane sun so su ce mata sun gode, kundin ya zama hanyar faɗa. Wannan abu ne mai kyau, ban ga laifin kowa ba. Sai dai lambar 3 ɗin nan ba ta gaya mana komai game da waƙoƙin. Awon ƙauna ce.

Ina kuma zargin karar ta fara tun daga sutudiyo. Wa zai kalli Dolly Parton ya ce Hajiya, waƙa 30 ta yi yawa, mu zubar da 18? Wa zai ce wannan da kika yi da wane ba ta yi ba, bayan wane ya bar aikinsa ya zo? Ita ma ta yaya za ta cire waƙar baƙon da ta gayyato da kanta? Matar da ta ce wa Elvis a'a tana da shekara ashirin da wani abu, ta kai matsayin da ba ta iya ce wa kowa a'a, ba kuma mai iya ce mata. Girma ya jawo mata wannan, kuma ban san wani babban marubuci ko mawaƙi da ya tsira daga gare shi gaba ɗaya ba.

Mu ba mu kai girmanta ba, amma mun riga mun samu irin masu sauraronta. Ka sa labari a zaure, cikin awa ɗaya ka samu amsa 40. Ma sha Allah. Allah ya ƙara basira. Alƙalaminki ya fi takobi. Muna jiran ci gaba. Ka ƙirga nawa ne a ciki suka ambaci ko da jimla ɗaya daga labarin, nawa ne suka ce wannan hali da ka ba Malam a shafi na biyu bai dace da abin da ya yi a na biyar ba. Sau da yawa babu ko ɗaya. Masu amsar ba maƙaryata ba ne, suna ƙaunarka, wasu kuma suna biyan bashi ne don kai ma ka yi musu jiya. Illar ita ce marubuci sabo yana ɗaukar wannan a matsayin hukunci kan aikinsa. Daga nan labarin da ya kamata ya ƙare a kashi na 20 sai ya kai na 95, saboda kullum ana cewa a ci gaba, kuma babu wanda zai ce ya isa. Rockstar ɗinmu ke nan, awa biyu da minti 20 na abin da zai yi kyau a minti 45.

Na fi jin tsoron wannan ga wanda ya fara suna. Sabon shiga aƙalla yana samun shiru, shiru kuwa yana koyar da wani abu. Wadda ta tara mabiya dubu goma a WhatsApp da Wattpad ta daina jin shiru har abada. Duk abin da ta sa za a yaba, littafinta na shida zai fi na farko kasuwa ko da bai kai shi rabi ba, kuma lissafin zai riƙa gaya mata tana ci gaba.

Akwai mai cewa, to ke ko kai wane ne da za ka hana tsohuwa wasanta? Ta yi shekara 60 tana aiki, ba ta bin kowa bashin wata "Jolene". Wannan magana tana da ƙarfi, kuma akwai abin da ke ƙara mata ƙarfi. Mijinta Carl Dean, wanda suka yi aure tun 1966, mutum ne da ya guji kyamara duk rayuwarsa, kuma masoyin rok ne. Ta faɗa a fili cewa shi yana cikin dalilan yin kundin, wasu waƙoƙin ma don shi ta zaɓe su. Ya rasu ranar 3 ga Maris 2025, wata 15 da 'yan kwanaki bayan fitowarsa. Idan aka kalle shi a matsayin kyautar mata ga mijin da ya tsufa, ta tara masa duk waƙoƙin da yake so da muryarta, to ba ni da ta cewa, kuma tsawon ma ya zama wani abu daban. Wanda ke haɗa wa masoyi kyauta ba ya tsayawa tacewa.

Amma an sa wa kundin farashi an kai kasuwa, an kuma ce mana shi ne shaidar cancantarta. A nan ne nake ganin an yi mata rashin adalci, ita ma ta yi wa kanta. Ta cancanci wancan rawani tun kafin ta rera waƙar kowa. Mace da ta rubuta "Down from Dover", wadda ta fito a 1970, labarin yarinyar da saurayi ya yi wa ciki ya gudu, iyaye suka kore ta, ta haifi jariri ba rai, a lokacin da rediyo ba ya son jin irin wannan, ba ta buƙatar Paul McCartney ya tsaya mata shaida. Jin cewa ba ta isa ba shi ya kai ta ga yin aikin da ya fi kowane ƙarancin kamanninta. Na ga irin wannan a wurin marubutanmu da suka iya Hausar kasuwa da ta tsakar gida kamar me, amma ranar da aka gayyace su gasa ko taron jami'a sai su ajiye ta, su ɗauko wata Hausa mai sitaci da ba tasu ba, don su nuna su ma sun yi makaranta. Abin da aka gayyace su dominsa shi suke bari a gida.

Ba duka kundin ne ya faɗi ba, kada in yi masa rashin adalci ni ma. "Purple Rain" ta Prince, wadda ta rera ba tare da wani babban baƙo ba, ta ja ta zuwa salon waƙar coci da ta tashi da shi, kuma a nan ana jin Dolly. "My Blue Tears" tata ce tun 1971, ta sake ta da Simon Le Bon, kuma ko a cikin wannan hayaniya ana gane hannun wadda ta rubuta rigar tsummokara. "World on Fire", wadda ta fara fitarwa a watan Mayun 2023, fushi ne da 'yan siyasa maƙaryata, abin da ba ta saba yi a fili ba, ko da yake ta tsaya a gaba ɗaya ba ta kama sunan kowa ba. Abin lura shi ne duk inda kundin ya yi rai, wurin da baƙi suka ragu ne ko kuma alƙalaminta ne. Da an ba ni almakashi, da na bar waɗannan uku, na ƙara shida ko bakwai, na mayar da sauran kyautar gida ga Carl Dean.

Ga masu sauraron kiɗa a cikinmu, ga aikin mako. Ku nemo "Stairway to Heaven" ta 2002 da ta 2023, ku ji su a jere, ku zo nan ƙasa ku faɗi wadda ta fi da kuma daidai wurin da ta fi. Wanda ba ya jin kiɗa ya ɗauki labari ɗaya daga Magana Jari Ce ya nuna mana abu uku da Imam ya sa a ciki waɗanda sai a ƙasar Hausa za a same su. Wanda kuma ya ga na zalunci Rockstar ya faɗa, ya kawo waƙar da zai kare. Ita wannan maƙala ma tana da wuraren da ya kamata a yanke, ku nuna mini su da lambar sakin layi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.